Babi na Bakwai: Farin Ƙyalle a Houston

Akwai wani fim na barkwanci mai suna Office Space da ya fito a Amurka a 1999. A farkonsa an nuna wani matashin Bature, ma'aikacin kamfanin kwamfuta, sanye da tabarau da nakatayi, ya maƙale a cunkoson motoci da safe a kan hanyarsa ta zuwa ofis. Ya ƙure sautin motarsa, yana bin waƙa baki da baki, yana kaɗa kai, yana wurga hannu sai ka rantse ya taɓa riƙe bindiga. Can sai ya hango wani baƙar fata mai tallar furanni yana ratsowa ta tsakanin motoci. Nan take gogan naka ya danna makullin ƙofa, ya rage sauti, ya koma motsa leɓe a hankali kamar mai lazimi. Mai talla na wucewa, ya sake ƙure ta, ya ɗora cika bakinsa daga inda ya tsaya.

Waƙar da yake bi sunanta "No Tears", wato babu hawaye, kuma ita ce ta uku a jerin kundin The Diary na Scarface, wanda ya fito ranar 18 ga Oktoba, 1994. Mutumin cikin motar ya tsinci 'yan mintoci na kirari ya bar sauran kundin a ajiye. Haka akasarin mutane suka saurari gambarar 'yan daba tun farkonta, masu sonta da masu tsine mata duka. Kowa kunnensa na kan ƙarar bindiga. Kaɗan ne suka tsaya su ji abin da ke biyo bayan ƙarar, alhali nan ne Scarface ya yi aikinsa.

Garin da ba a lissafi da shi

Duk mai ba da tarihin waƙar gambara, in ya zo kan 1994 sai ya gyara zama. A watan Afrilu Nas ya saki Illmatic, a Satumba The Notorious B.I.G. ya saki Ready to Die, dukansu daga New York, inda aka binne cibiyar wannan waƙa a unguwar Bronx tun shekarun 1970. A can gaɓar yamma kuma Los Angeles na cin kasuwarta da Dr. Dre da Snoop Dogg a ƙarƙashin kamfanin Death Row. Manyan mujallu da manyan kamfanonin waƙa duk a biranen nan biyu suke. Kudancin Amurka kuwa ƙauye aka ɗauke shi, wurin masu jan harshe da ba su iya saƙa magana ba. Ko a 1995, da aka kira OutKast na Atlanta su karɓi kyautar sabbin mawaƙa a bikin mujallar The Source a New York, ihun raini jama'a suka yi musu.

Houston, garin Scarface a wannan kudun, ba ƙaramin gari ba ne. Ita ce ta huɗu a girma a duk Amurka, kuma hedkwatar kasuwancin man fetur. Da farashin mai ya karye da fiye da rabi a 1986, karyewar da ta tura Najeriya cikin tsuke bakin aljihu na SAP a wannan shekarar, Houston ta ji a jikinta. Tsakanin 1982 da 1987 guraben aiki fiye da 200,000 suka salwanta a yankin. Daidai lokacin da ayyuka ke fita, dunƙulen hodar iblis da ake kira crack yana shigowa, mai araha, mai saurin kama mutum. Majalisar Amurka ta amsa da dokar 1986: a lokacin, giram 5 na wannan dunƙule yana jawo ɗaurin shekara biyar ba sassauci, daidai da hukuncin giram 500 na garin hodar. Dunƙulen na unguwannin talakawa ne, garin kuwa an fi saninsa da masu hannu da shuni. Ba sai an faɗa maka su wa suka cika gidajen yari ba.

Daga unguwar Fifth Ward, wadda 'yantattun bayi suka zauna bayan yaƙin basasa, unguwar da ta fitar da ɗan dambe George Foreman da 'yar majalisa Barbara Jordan, wani matashi mai sayar da motocin gwanjo, James Prince, ya fito ya kafa kamfanin Rap-A-Lot. Daga nan ƙungiyar Geto Boys ta fito. Tun da wuri suka yi suna wajen ɗaga hankalin mutane. A 1990 kamfanin Geffen ya ƙi rarraba kundinsu saboda munin kalamansa. A 1991 suka sa hoton ɗayansu, Bushwick Bill, a bangon kundin We Can't Be Stopped, yana kan gadon asibiti bayan harsashi ya raba shi da ido, abokansa biyu na tura gadon. Ɗaya daga cikin masu turawar shi ne Brad Jordan.

Yaron South Acres

An haifi Brad Terrence Jordan a watan Nuwamban 1970, ya tashi a South Acres, a kudancin Houston. Da sunan Akshen ya fara waƙa. Sunan Scarface, wato mai tabo a fuska, ya samo shi ne daga fim ɗin 1983 wanda Al Pacino ya fito a matsayin Tony Montana, ɗan gudun hijira daga Cuba da ya zama sarkin hodar iblis a Miami, ya ƙare rub da ciki a ruwa, jikinsa duk harsashi. Samarin unguwanni da yawa sun haddace hawan Tony Montana, amma da alama Brad Jordan faɗuwar ce ta fi tsaya masa a rai.

Yana da dalili. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2015, ya ba da labarin yadda baƙin ciki mai tsanani ya kama shi tun yana ɗan yaro, yadda ya yi yunƙurin kashe kansa, da zaman da ya yi a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na asibiti kafin ya mallaki hankalin kansa. Ya bar makaranta, ya taɓa sayar da ƙwaya. A gefe guda kuma yaro ne mai kaɗa jita, mai sauraron mawaƙan rock irin su Pink Floyd, abin da ba a saba ji daga ɗan daba ba. Shi ya rubuta mafi yawan "Mind Playing Tricks on Me", waƙar da ta fitar da Geto Boys duniya a 1991, inda aka ji ƙato mai bindiga yana kwana ido biyu, yana leƙen taga, yana tsoron inuwarsa.

Kafin The Diary ya riga ya fitar da kundi biyu shi kaɗai: Mr. Scarface Is Back a 1991, da The World Is Yours a 1993. Na farkon ɗanyen jini ne, na biyun ya yi tsawo ya warwatsu. A na uku ne ya san abin da zai ɗauka da abin da zai zubar. Shekarunsa 23.

Abin lura na farko shi ne gajarta. Guda goma sha uku ne a jerin, har da buɗewa da rufewa da wani ɗan guntun wasa a tsakiya, kuma duka bai kai minti 45 ba, a zamanin da mawaƙa ke cusa wa faifai duk abin da zai iya ɗauka. Baƙi biyu kacal ya gayyato, su ma a waƙa ɗaya. A cikin Geto Boys, in Scarface ya yi nauyi, Willie D zai shigo da faɗa, Bushwick Bill ya shigo da wauta, mai sauraro ya samu ya sha iska. A nan babu mai karɓar sa. Sunan kundin ma ya faɗi haka: dayari, littafin da mutum ke rubuta abin da ke cin ransa da dare bayan kowa ya kwanta. Ba tarihin rayuwarsa yake karantawa ba, domin mutanen cikin waƙoƙin ƙirƙirarru ne. Kaɗaicin ne na gaske.

Kiɗa mai tafiyar makara

Waɗanda suka haɗa kiɗan, banda shi kansa, sun haɗa da N.O. Joe, ɗan New Orleans, da Mike Dean, Baturen Texas mai hannu a fiyano da jita, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki da Kanye West. Salon New York a lokacin shi ne a yanko gutsure daga tsofaffin faifai a jera shi a kan ganga mai kaifi. Salon Los Angeles kuma siririn sauti ne mai zaƙi, na yawo a mota cikin hasken rana. Mutanen Rap-A-Lot sun karkata ga kaɗa kayan kiɗan da hannu a sutudiyo. Sun aro wani abu daga yamma, babu musu, amma sun rage masa gudu, sun ƙara masa kauri, sun ɗauke masa rana. Abin da ya rage kiɗa ne mai takun masu ɗauke da makara.

Wannan nauyi yana da asali a garin. A Fifth Ward ɗin nan ne Don Robey ya riƙe kamfanin Peacock tun 1949, yana naɗar waƙoƙin blues da na coci. A Houston Lightnin' Hopkins ya yi yawancin rayuwarsa da jitarsa. A shekarun da ake haɗa The Diary kuma, wani matashi mai suna DJ Screw yana can kudancin garin yana rage wa kaset gudu har murya ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Houston ba ta gaggawa.

Sai muryar. Scarface ba ya cikin masu gudun harshe, kuma bai damu da lanƙwasa kalma don a tafa masa ba. Muryarsa mai kauri ce, daga ƙirji take fitowa, tana hawa tana sauka irin ta masu wa'azin cocin baƙar fata a kudu. Yakan ja ƙarshen kalma, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya bar abin da ya faɗa ya zauna. In ka taɓa zama a gidan makoki ka ji dattijon da ya yi wa mamacin wanka yana ba da labari, bai ɗaga murya ba amma kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, to ka san irin muryar.

Waƙa ta shida

Kundin ya buɗe da jini. Bayan ɗan kiɗan shiga, waƙar farko sunanta "The White Sheet", farin ƙyallen da ake lulluɓa wa gawa a bakin titi kafin motar asibiti ta ɗauke ta. Sai "No Tears", sai "Jesse James", sunan wani ɗan fashin bankuna da jiragen ƙasa daga Missouri wanda aka harbe a 1882, Amurka kuma ta mayar da shi gwarzon tatsuniya. Sai "G's". Huɗun nan kirari ne tsagwaronsa, na mutumin da ke cewa a taɓa shi a gani. Wanda ya kashe kaset a nan zai ce ya gane kundin, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba.

Amma ta shida na zuwa, ƙasa sai ta zame. "I Seen a Man Die", wato na ga mutum ya mutu. Ganga ta lafa, wani siririn sauti mai sanyi yana shawagi a sama. Baiti na farko labari ne. Wani saurayi ya fito daga kurkuku bayan shekara bakwai, ya iso gaban mahaifinsa. Duniyar da ya bari ta sauya. Yaro ne da ya girma a hannun hukuma, kuma ya fito da niyyar shiryuwa. Sai dai niyya ba ta cika tukunya. Ya nemi wani tsohon aboki da harka ta buɗe masa, ya koma ruwa, kafin a ankara ya kashe mutum. A sauran waƙoƙin irin wannan, nan ne ake buga ƙirji. Scarface kuwa ya tsaya a kan yaron, ya nuna cewa matsayinsa ya ƙaru a unguwa amma abin yana ci masa rai. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

A baiti na biyu labarin ya narke, ya zama tunani a kan ajali, har ya gangaro kan uwar da za a bari, wadda rayuwar ɗanta za ta ci gaba da bayyana a fuskarta. A na uku kuma mawaƙin ya daina ba da labarin wani. Ya juyo yana magana da mai mutuwar kai tsaye, kamar wanda ya durƙusa a gefen kansa. Yana lura da numfashi, yana lura da bugun zuciya da ke raguwa, yana ganin tsoron da ya sa mutumin ya ƙi saki. Ya lallashe shi ya daina kokawa da abin da ba a kayarwa, ya tuna masa ya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gargara, yana shafa masa ruwa a leɓe, ana raɗa masa kalma a kunne, zai gane wannan zama ko da addini ya bambanta. Amshin waƙar kuwa a kan hawayen namiji yake, abin da unguwa ta haramta, wanda mutuwa kaɗai ke halattawa.

Dubi tsarin. Waƙa ta uku ta ce babu hawaye, ta shida ta kawo su. Ba a banza aka jera su haka ba. Sai da ya bari ka hau dokin kirari, ka ji daɗin sukuwa, sannan ya kai ka inda dokin ke kai mahayinsa. Da wa'azi ya fara, da samarin da yake nufi sun cire kaset tun a minti na farko, domin sun gaji da jin nasiha daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana a inda suke kwana ba. Da kirari kaɗai ya yi, da ya zama ɗaya daga cikin ɗari. Ikon da yake da shi na yin magana a waƙa ta shida, a huɗun baya ya saye shi.

Abin mamaki, wannan waƙa mai nauyin gawa ita ce ta shiga sahun arba'in na farko a jadawalin Billboard. Kundin kansa ya shiga a matsayi na biyu a makonsa na farko, bayan Murder Was the Case na Death Row, kuma kafin shekarar ta fita an tabbatar masa da shaidar kwafi miliyan ɗaya. Wata huɗu kafin fitowarsa, a watan Yuni, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya jagoranci Houston Rockets suka doke New York Knicks suka ɗauki kofin ƙwallon kwando. Shekarar ta yi wa garin kyau ta fuska biyu.

Laifi tudu ne

Ba a cikin kwanciyar hankali kundin ya fito ba. A 1992 wani matashi ya harbe ɗan sandan babbar hanya a Texas, lauyansa ya ce kaset ɗin 2Pac da yake saurare ne ya zuga shi, mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle ya nemi a janye kundin daga kasuwa. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin 'yan sanda, har da na Texas, suka taso wa Ice-T a kan waƙarsa "Cop Killer". A 1993 wani babban limamin coci a Harlem, Calvin Butts, ya tara faifan gambara a titi don a murƙushe su. A Fabrairun 1994 Majalisar Dattawa ta yi zaman sauraron bahasi a kan waɗannan waƙoƙi, inda C. Delores Tucker, tsohuwar 'yar gwagwarmayar haƙƙin baƙar fata, ta ce suna wulaƙanta mata suna lalata yara. Wata guda kafin fitowar The Diary, shugaba Bill Clinton ya sa hannu a babbar dokar yaƙi da laifuka wadda ta zuba kuɗi a ƙarin 'yan sanda da gina gidajen yari.

Amsar Scarface ita ce "Hand of the Dead Body", inda ya gayyato Ice Cube daga Los Angeles, da Devin the Dude, ɗan gida, ya riƙe amshi. Hujjarsu a taƙaice: Amurka ba ta jira mawaƙin unguwa ya koya mata kisa ba. Ƙasar da ta yi renon 'ya'yanta da finafinan kaboyi, ta mayar da irin su Jesse James jarumai, ita ce yau ke nuna yatsa ga saurayin da ya faɗi abin da ya gani a ƙofar gidansu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Gardamar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Shekara da shekaru an yi ta a kan Gambu mai waƙar ɓarayi: shin zuga su yake yi, ko kuwa yaye wa jama'a labulen wata duniya da ke nan ko an yi waƙa ko ba a yi ba? Gaskiyar da ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi ita ce, waƙa ɗaya tana iya yin aikin biyu, gwargwadon kunnen da ta faɗa. Hujjar Scarface tana da ƙarfi a kan 'yan siyasar da suka ga ya fi sauƙi su yaƙi kaset da su tambayi inda ayyuka suka tafi. Ba ta da ƙarfi haka a gaban uwa 'yar Fifth Ward da ke jin ɗanta mai shekara goma sha biyu yana rera kisa a tsakar gida. Ita ba ta zo da kyamarar talabijin ba, kuma waƙar ba ta ba ta amsa ba.

Tsakuwa a cikin shinkafa

Wanda zai yabi kundin nan da gaskiya dole ya faɗi inda ya gaza. Mace ba ta da murya a cikinsa. Ko dai uwa ce mai kuka a bayan fage, ko abar shimfiɗa. "Goin' Down" batsa ce fili, an ɗora ta a kan karin wata waƙar Jamus ta 1983, "99 Luftballons" ta Nena, wadda asalinta gargaɗi ne a kan yaƙi. Zuwanta jim kaɗan bayan waƙar mutuwa kamar mutum ne ya taso daga jana'iza ya zarce gidan gala da ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Wani zai ce ai haka rayuwar take. Na yarda, amma a nan mawaƙin bai tsaya ya lissafa abin da macen ta biya ba, shi da ya iya lissafin abin da maza ke biya. A wannan gaɓa Tucker tana da gaskiyarta.

Sai "Mind Playin' Tricks 94", inda ya koma wa tsohuwar waƙarsu shi kaɗai. Ana iya fahimtar dalili, tunda tun asali tasa ce. Amma ɗumame ne, kuma duk daɗin ɗumame bai kai tuwon daren jiya ba. Kisan da ke waƙoƙin farko ma ya yi yawa, har wani lokaci gawarwakin kan zama lamba kawai, abin da kundin da kansa ya zo ya yi tir da shi. Ga kuma matsalar da mutumin cikin mota ya nuna mana: jerin waƙoƙi hujja ce ga wanda ya bi jerin. Ana iya zare "No Tears" a tafi da ita, kuma an zare.

Duk da haka, in aka ɗora a sikeli, abin da ya samu ya rinjayi abin da ya rasa. Ready to Die da ya riga shi da wata guda shi ma cike yake da tunanin mutuwa, sai dai B.I.G. a kan mutuwar kansa yake magana, da basira da barkwanci da ke sa ka manta da zafin. Scarface ya zaɓi wurin da ya fi wuyar tsayawa, wato gefen wanda ke mutuwa, inda ba ka da abin yi sai kallo.

Bayan an naɗe ƙyallen

Mujallar The Source tana auna kundi da makirufo, daga ɗaya zuwa biyar. Huɗu ta bai wa The Diary da ya fito. A 2002 ta sake zama ta mayar da shi biyar, a shekarar da ta bai wa sabon kundinsa The Fix biyar ɗin kai tsaye. Zuwa lokacin ruwa ya riga ya sauya hanya. The Untouchable na 1997, mai ɗauke da waƙar "Smile" da ya yi da 2Pac, ya hau matsayi na ɗaya. Kamfanin Def Jam na New York, wanda ake ɗauka gidan sarautar gambara, ya buɗe reshen kudu ya ba Scarface shugabanci, shi kuma ya ɗauko Ludacris daga Atlanta. A The Fix, Jay-Z da Nas, manyan New York biyu da ke tsakiyar gaba da juna, kowanne ya zo ya yi baiti a gidan ɗan Houston. Cikin 'yan shekaru kudun da aka yi wa ihu ta zama ita ke riƙe da kasuwar. Duk mawaƙin kudu da ka ji ya gama kirarin sayar da ƙwaya sannan ya sauke murya yana maganar rashin barci da abokan da ya binne, a gonar da aka share a 1994 yake shuka.

Shi kuwa Brad Jordan ya rayu ya ga abin da mutanen cikin waƙoƙinsa ba su gani ba. A 2019 ya tsaya takarar kansila a Houston da sunansa na yanka, ya kai zagaye na biyu, ya sha kaye. A 2020 cutar korona ta kwantar da shi, ta lalata masa ƙoda, ya koma rayuwa da injin wankin jini. Mutumin da ya kwatanta raguwar bugun zuciya yana ɗan shekara 23, sai ga shi a gadon yana sauraron nasa. A Satumban 2021 aka yi masa dashen ƙoda. Ɗansa ne ya ba shi.

Waƙa ta shida ta fara ne da ɗa a tsaye gaban mahaifinsa, ya dawo daga kurkuku ba shi da abin bayarwa. Shekara 27 bayan haka, a wani asibiti, wani ɗan ya zo wa nasa mahaifin da abin da ya fi kuɗi, aka tura su ɗakin tiyata a gado biyu, kuma dukansu suka fito.